Turancin da Ya Hana Mu Kwalbati

Ko na tsufa har na fara rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta ranar da Turancina ya tara mini jama'a a unguwarmu ta Kakuri, ya kuma tsayar da ni a gabansu ina zufa cikin kwat.

Bari in fara da gaskiya: ni na iya Turanci. Wannan ba cika baki ba ne (to, akwai cika baki kaɗan). Shagon buga takardu gare ni a wani layin shaguna da ke bayan tsohuwar masaƙa, da kwamfuta biyu da injin fotokwafi da janareta mai yawan tari. Masu kawo mini aiki yawanci 'yan kwangila ne da ma'aikatan gwamnati da masu ƙungiyoyi. Duk takardar da ta bi ta hannuna sai na tsame kalmomin da suka burge ni, na zuba su a wani littafi mai baƙin bango da nake ɓoyewa ƙarƙashin kanta. Na raba shi gida biyu, gaba Turancin gwamnati, baya Turancin kamfani. A nan na tara su "stakeholders" da "capacity building" da "sustainable framework". Wasu na san ma'anarsu sarai, wasu kuwa nauyinsu a baki kawai nake so. In na jefa ɗaya a teburin mai shayi sai wurin ya yi tsit, ni kuma in ɗauka girmamawa ce.

Wannan littafi ne ya sa aka zaɓe ni sakataren ƙungiyar 'yan layinmu ba hamayya. Shugabanmu Baba Yohanna ne, dattijo mutumin kudancin jihar nan, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a masaƙa. Da aka rufe ta ya sayi keken ɗinki ya zauna a shago na farko a bakin layi. Mataimakiyarsa Madam Ngozi ce, mai sayar da yadi da zare, wadda ta fi ni iya zagi da Hausa nesa ba kusa ba.

Matsalarmu ɗaya ce, kuma kowa ya san ta. Kwalbatin bakin layi ya rufta. Da an yi ruwan kirki, duk abin da ya gangaro daga titi sai ya rasa hanya ya kwararo mana cikin shaguna, da leda da robobi da abin da ba ya faɗuwa. Shagon Baba Yohanna ne ke fara karɓar baƙin, tunda shi ne a gaba. Damina biyu muka yi muna kwarfar ruwa da bokiti.

Ana saura kamar wata biyu ruwa ya sauka, sai labari ya zo cewa wata ma'aikata tana karɓar koke daga ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Sharaɗin shi ne kowace ƙungiya wasiƙa ɗaya za ta kai, buƙata ɗaya. Washegari da safe Baba Yohanna ya shigo shagona da wata takarda da ya yago daga littafinsa na awo. Ya rubuta da Turancinsa na masaƙa, layi huɗu cif. In fassara muku: "Kwalbatinmu ya rushe. Ruwa yana shiga shaguna ashirin da biyu. Ku zo ku gani. Mun gode."

Na karanta, na yi dariya. Allah ya yafe mini, har da riƙe ciki.

"Baba, gwamnati ba ta jin irin wannan yaren," na ce masa. "In ka kai wannan, masinja ma ba zai wuce da ita ciki ba. Akwai yadda ake yi wa ofis magana."

Ya dube ni ta saman tabarau. "To, ɗana, kai ne mai boko. Ni dai abin da na sani ruwa na zuwa." Ya ninke takardarsa ya mayar aljihu ya fita.

Kwana biyu na yi ina gina wasiƙar nan, littafina a buɗe a gefen kwamfuta. Shafi uku ta ci. 'Yan layinmu, har da mai facin taya, suka zama "key stakeholders". Kalmar kwalbati kuwa na ga ba ta dace da irin wannan takarda ba, kalmar leburori ce, don haka na yi masa suna "critical infrastructure deficit". Shi kuwa "capacity building" sau bakwai na sa shi, saboda na lura duk takardar da na buga wa mutane aka amince da ita, yana ciki. A ganina shi ne gishirin miyar.

Na karanta ta a taron ƙungiya da muryar mai karanta labarai. Aka yi tafi. Wani tela ya ce ko gwamna ya karanta wannan sai ya nemi ƙamus, ni kuma na ji daɗin maganar (ku lura, yabo na ɗauke ta). Madam Ngozi kaɗai ce ba ta tafa ba.

"Oga Sakatare, abeg," ta ce, "ni ban ji kwalbati a ciki ba. Ina yake?"

"Yana ciki, Madam," na ce mata ina murmushi. "Kwat kawai na sa masa."

Aka fashe da dariya, aka bar ta da tambayarta. Baba ya sa hannu, na kai wasiƙa da kaina.

Bayan mako uku amsa ta zo. An amince da buƙatarmu, kuma tawaga za ta iso ranar Alhamis da ƙarfe goma. Ranar ban buga wa kowa takarda ba. Shago-shago na bi da amsar a hannu, ina karɓar gaisuwa. Har unguwannin Makera da Television sai da labari ya kai cewa sakataren layin bayan masaƙa ya rubuta wasiƙar da ta girgiza ma'aikata, kuma ba zan ɓoye muku ba, ni na kai labarin.

Muka shirya kamar masu aurar da 'ya. Aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, mata suka ɗora tukunyar dafa-duka. Maza suka ce ba za a bar ma'aikatan gwamnati su yi aikin su kaɗai ba, kowa ya zo da abin da yake da shi: shebur, diga, kwanon kwaɓa siminti, baro biyu. Aka kori masu Keke Napep daga bakin layi don tifar yashi ta sami wurin juyewa. Kowa ya sa kayan aiki. Ni kaɗai na sa kwat ɗin da na yi aure da shi, da lakataye ja.

Goma da rabi sai ga wata farar bas. Wata Hajiya mai fara'a ta sauko, jami'a ce daga ma'aikatar, da abokan aikinta biyu. Suka fara sauke kaya: majigi, farin allo mai ƙafa uku, kwalin littattafan rubutu, kwalin biro. Baba Yohanna ya tare ta da gaisuwa, amma idonsa na kan titi.

"Sannunku da zuwa, Hajiya. Tifar tana baya ne?"

"Wace tifa, Baba?"

"Ta yashi. Ko siminti za a fara kawowa?"

Hajiya ta dubi Baba, ta dubi mazan da ke tsaye da shebur a kafaɗa, ta dubi baro. Ni a lokacin ban sha jinin jikina ba tukuna. Ina tsaye ina gyara lakataye, ina jiran a nemi marubuci.

"Baba, mu horo muka zo ba ku," ta ce. "Bita ta yini ɗaya kan tafiyar da kasuwanci. Abin da kuka nema ke nan."

"Mu kwalbati muka nema."

Ta buɗe jaka ta zaro wasiƙata. Na gane ta tun daga nesa, har da jan layin da na ja ƙarƙashin kanun. Ta yi bayani a natse, yadda kowa zai ji. Wasiƙun da suka zo musu gida biyu suka raba su. Wanda ya ce rijiya ko magudana ko rumfa, sun miƙa wa injiniyoyi. Wanda ya nemi horo, sun riƙe a sashensu. "Taku mu uku muka karanta ta," in ji ta. "Har darakta ya yaba Turancin. Amma babu wanda ya ga abin da za a auna da tef a ciki. Horo kuwa, wato 'capacity building' ɗin nan, sau bakwai kuka nema. Wa ya rubuta?"

Ban taɓa ganin mutum arba'in sun juya kai lokaci ɗaya ba sai ranar.

"Malam Sakatare, bismillah," ta miƙo mini makirufo da takardar. "Wataƙila mu ne ba mu fahimta ba. Fassara wa jama'arka da Hausa, ka nuna mana inda kwalbatin yake."

Na karɓa da ƙarfin hali, don har lokacin ina ganin zan iya fidda kaina. Na gyara murya. "Mu, manyan waɗanda abin ya shafa... muna roƙon a ƙarfafa mana... wato a gina mana iyawa... ta hanyar tsari mai ɗorewa..." Na tsaya. Na tsallaka sakin layi na biyu. "Saboda giɓin... babban giɓin abubuwan da... ake buƙata ƙwarai." Na juya shafi. Na sake juya shafi. Kalmomin nan da suke cika baki da Turanci, da na juye su cikin Hausa sai na ga babu abin da mutum zai kama. Gumi ya karyo mini tun daga ƙeya har cikin takalmi. Makirufo kuma mugun abu ne, har haɗiyar yawuna sai da ya watsa wa jama'a.

Can daga baya muryar Madam Ngozi ta taso, ba ta ma ɗaga ta sosai ba. "Oga Sakatare, cire masa kwat ɗin mana mu gan shi."

Dariyar da aka yi, har masu Keke Napep da muka kora sai da suka leƙo. Na so ƙasa ta tsage in shige, amma ƙasar layinmu a wurin kwalbati kawai ta iya tsagewa. Baba Yohanna bai yi dariya ba. Ya jingine sheburinsa a bango, ya sa hannu a aljihu, ya fito da takardar nan ta littafin awo, duk ta yi laushi don ninki. Ya miƙa wa Hajiya. Ta karanta cikin numfashi ɗaya.

"Ai da wannan kuka kawo, Baba, da yanzu injiniya ne a nan ba ni ba."

Ya kama hanya ya kai ta bakin ramin, tafiyar taku goma daga inda bas ɗinsu ta tsaya. Ta leƙa, ta ɗauki hoto da wayarta, ta girgiza kai. Sannan ta faɗi abin da ya fi dariyar ciwo: an riga an rufe jerin ayyukan bana, an raba wa injiniyoyi. Za ta shigar da takardar Baba da hannunta, amma sai baɗi.

Bitar dai an yi ta, tunda an dafa abinci kuma majigi ya riga ya sauka. Maza suka zauna da shebur a tsakanin ƙafafu ana koya musu yadda ake tsara manufa. Ni aka sa in riƙa fassara, wai ni ne mai Turanci. Da yamma aka raba wa kowa satifiket mai zanen zinariya a gefe.

Ruwan farko na kirki ya sauka bayan kwana goma sha biyu. Ina shago na ji ƙararsa a kan kwano, na fito na tarar ya riga ya shiga wurin Baba har idon sawu. Kayan makarantar yara da ya ɗinka ya jera a ƙasan tebur duk sun jiƙe da ruwan kwata. Yana tsaye, dattijo mai furfura, yana ƙoƙarin ɗaga keken ɗinkinsa shi kaɗai ya ɗora a kan bulo. Na kama masa muka ɗaga. Na jira ya yi mini faɗa, wallahi da ya yi da na ji sauƙi. Abin da ya ce kawai shi ne, "Miƙo bokitin can, ɗana." A nan ne kunya ta gaske ta kama ni, wadda ta fi ta gaban makirufo, don wannan babu mai dariya a cikinta.

Duk daminar nan, da hadari ya haɗu nake rufe kwamfuta in naɗe wando in nufi shagon Baba. Nasa nake fara kwarfewa kafin nawa. Babu wanda ya sa ni, babu kuma wanda ya hana ni. Madam Ngozi ta raɗa mini suna Oga Kafasiti, daga "capacity" ɗin wasiƙata, ya kuma bi ni har yau, har matata in ta so tsokana da shi take kirana.

Shekara na zagayowa aka zo aka gina kwalbati, da takardar Baba mai layi huɗu. Ni na buga ta a kwamfuta kafin Hajiya ta shigar da ita, kuma ban ƙara ko waƙafi ba, duk da hannuna ya yi ta ƙaiƙayi.

Har yanzu ina sakatare, kuma har yanzu na fi kowa Turanci a layin nan, wannan ko Madam ba ta musa ba. Littafina mai baƙin bango yana nan, ina ma ƙara masa kalmomi, don akwai ofishin da sai da su ake buɗe maka ƙofa. Sai dai yanzu duk wanda ya kawo mini wasiƙar neman wani abu, kafin in taɓa kwamfuta nakan tambaye shi: "Me kake so a ba ka? Faɗa mini yadda za ka faɗa wa kakarka." Abin da ya faɗa shi nake sawa a layin farko, da sunansa na yanka. In ya so, kwat ya biyo baya.

Satifiket ɗin bitar kuwa na sa shi a firam na rataye a shago. In kun shigo za ku gan shi a bangon hagu, sama kaɗan da layin da ruwan shekarar nan ya bari a jikin fenti. Na hana a shafe layin.