Auta Ta Ƙi Zuba Ƙasa a Ruwan Famfo

Jiya da safe na nemi singiletina sama ko ƙasa, ashe Auta ta raba shi gida biyu. Gawayin uwarta ma ya yi ƙafa. Da na ɗaga murya, sai ta ce aikin kimiyya ne: 'yan aji huɗu za su haɗa matatar ruwa da gorar roba, tsakuwa, yashi, gawayi da ƙyalle, wanda ya ci shi zai wakilci makaranta a gasa. Sati biyu yarinyar nan ba ta da zance sai wannan. Na haƙura da singileti, na raka ta makaranta.

Alƙalin wani babba ne daga ofishin ruwa, Mai Girma Uban Famfuna, littafin ƙa'idar gasa a hannu, ruwan roba a aljihu. Littafin ya ce a ɗebi ruwa mai tsabta a famfo, a zuba masa ƙasa ya gurɓace, sannan a tace.

Auta ta tsallake zuba ƙasa. Ruwan famfonmu, ranar da ya ga dama ya zo, kamar shayi da madara yake, to me za ta ƙara masa? Ta tace shi ya fito garau, har malamarsu ta tafa mata.

Mai Girma ya gyara tabarau, ya tambaye ta ina ƙasar.

"Ranka ya daɗe, da ƙasarsa ya zo," in ji Auta.

"A rubuce, ruwan famfo mai tsabta ne," ya ce, ya zabga mata sifili.

Wadda ta ci, ruwan leda ta fasa ta zuba masa ƙasa cokali biyu. Ta bi ƙa'ida. Na miƙa wa Mai Girma kofi na ragowar ruwan famfon da Auta ba ta tace ba, na ce tunda a rubuce mai tsabta ne, ya jiƙa maƙoshi. Ya ce bai daɗe da sha ba.

Auta ta yi kuka har gida, ni kuma takaici ya hana ni lallashi. Maƙwabcina tela ya ce laifina ne, ban koya mata cewa abin da ido ya gani ba ya ja da takardar ofis ba.

Yanzu gorar tana rataye a madafa, da ita muke shan ruwa, matan layinmu ma sun fara kawo wa Auta singiletin mazajensu. Don Allah kada ku gaya wa manya. Za su zo su kafa allo, su yanke ƙyallen ƙaddamarwa, daga nan ta daina aiki.