Injiniya da Ɓawon Gyaɗar Waje

A wuni ɗaya Mai Kek ta yi asarar gyaɗar waje kilo uku, da rigar filo ɗaya, da sunan da ta shekara goma sha ɗaya tana tattali tun rasuwar mijinta, wato kek ɗinta bai taɓa makara ba. Abin da ta samu kuwa, biyo ni, za ka gan shi zaune a ƙofar shago.

Gyaɗar wajen nan 'yar dunƙulalliya ce, ga tsada, ga wani siririn ɓawo mai ɗaci da ke manne mata kamar kaska. Mai Kek ba ta yi boko ba, amma ta san kan abarta: a gasa, a juye a tawul da zafinta, a rufe ta yi gumi, a murza, a bakace. Ran nan wani otal ya ba ta aikin kek mai hawa uku, mota za ta zo ƙarfe huɗu. Ta gama shafe kek ɗin da farin kirim, saura gyaɗar da za ta yi masa ado. Tana cikin murza sai ga ƙanin mijinta, wanda ya raɗa wa kansa Injiniya don ya taɓa gyara fanka ta yi kwana biyu tana juyawa.

"Matar Yaya, har yau tawul? Haba! Ba ni minti goma in tuɓe miki ita tas kamar ƙwai. Ni fa, Turawa ma za su zo koyo wurina."

"Su zo mana, akwai kujera," in ji ta, ba ta ko ɗago ba.

Amma wuyan hannunta na zogi, kuma ya ci darajar marigayi. Ta auna masa rabi, ta tura rabi ƙarƙashin tebur da ƙafa. Ba a ba kura ajiyar nama duka.

Gogan naka ya fita, ya dawo da injin wanki a baro, na wani ne da aka kawo masa gyara. Ya ɗura gyaɗa a rigar filo, ya ƙulle, ya jefa.

"Me ke damun injin da aka kawo shi?" in ji Mai Kek.

"Ƙaramin abu ne. Ba ya son tsayawa."

Gaskiya ya faɗa. Injin ya fara da tari, ya koma rawa, sannan ya kama hanyar ƙofa. Injiniya ya haye kansa ya zauna, haƙora na kaɗawa, yana cewa, "Haka ya-ya-yake aiki!" Sai da Mai Kek ta zare waya daga bango.

Aka buɗe. Rigar filo ta yage, gyaɗa ta farfashe, ga ƙamshin sabulun mai injin ya cika shago. Ta ɗauki ɗaya ta tauna, ta tofar.

"Ta wanku," in ji ta.

"Kin gani? Tsafta kyauta! Saura raba ɓawo, wannan kuma fannina ne."

Kafin ta ce kanzil ya juye komai a tire, ya jawo fanka, ya murɗa ta har ƙarshe. Ɓawo ya rabu, ba a ƙi ba. Ya tashi kamar fari, ya ratsa shago, ya sauka gaba ɗaya a kan farin kek, tun daga hawa na uku har ƙasa.

Injiniya ya karkata kai. "Ai ya yi kyau. A ce sabon salo ne."

Ta ɗauki wuƙa ta kankare kirim, ta kaɗa sabo, ta jawo rabin da ta ɓoye ta murje da tawul. Direban otal ya yi awa guda yana danna oda a waje. Da mota ta tashi, ta wanke hannu, ta tsaya a bakin ƙofa, daidai lokacin da Injiniya ke lallaɓa baronsa.

"Matar Yaya, sai haƙuri. Zan gyara miki fanka kyauta."

"Allah ya kiyaye fankata. Hukuncinka kwana arba'in: kujera, tawul, murzar gyaɗa. A nan waje, inda masu kawo maka gyara ke wucewa."

"Ni? Injiniya guda? Kwana uku, a ciki."

"Albarka. Talatin da biyar."

"Bakwai, don Allah. Ki tuna Yaya."

"Shi na tuna, ba don shi ba da hamsin zan ce."

Suka ja, suka ja, har mai shagon kusa ya fito da kujerarsa ya zauna kallo. A ƙarshe ta ciro atamfar aikinta mai manyan furanni, ta ɗaura masa a ƙugu da hannunta, ta miƙa masa tawul.

"Kwana ashirin da ɗaya," in ji ta. "In Turawan sun zo koyo, ka matsa musu."