Hular da Farfesa Ya Saƙa wa Surukinsa

"Ni za ki miƙa wa tef ɗin awo? Shekara ashirin ina riƙe kawunan mutane! Ko ido rufe na shafa kai, sai in faɗa miki girmansa."

Farfesa ke nan, mai aski a bakin titi. Kada ka tambaye ni jami'ar da ta ba shi sunan, shi ya raɗa wa kansa, ya sa aka rubuta a ƙofar shago. Dalilin maganar kuwa, surukinsa ne, tsoho mai sanƙo, ya ce sanyi na shigar masa kai, matar Farfesa ta ɗauko kwarashi da zaren ulu za ta saƙa wa babanta hula. Shi kuwa gogan ya daɗe yana neman shiga a wajen tsohon, don har yau "mai surutun nan" yake kiransa. Sai ya fizge kayan.

"Maigida, saƙa fa da lissafi ake yi," in ji ta.

"Lissafin yana nan," ya ce, yana ƙwanƙwasa goshi.

Kwana uku yana fama. Mai zuwa aski sai ya zauna da rabin kai, Farfesa na gefe, harshe waje, yana kokawa da zare. Da ya gama ya kai gida yana taƙama. Matar ta ɗaga abin da yatsa biyu.

"Wannan ta Baba ce, ko ta murfin kwalba?"

"Samfuri ne, ke ba ki san aiki ba."

A ta biyu ya saki hannu. Hula ta yi ta faɗi, ta yi ta faɗi, har kyanwar gidan ta shige ciki ta yi barci da 'ya'yanta huɗu. Ya warware, ya sake. Ta uku ta fito samanta kamar buhu, bakinta kamar na tulu. Ya ce ai haka ake yayi yanzu.

Maimakon ya kai gida a gwada a ɓoye, sai ya gayyato tsohon shago, ya zaunar da shi gaban madubi, ya tara jama'a.

"Baba, rufe ido."

Ya ɗora, ta ƙi shiga. Ya ja, ta cije.

"Kai, yaro, kunnena!"

"Haƙuri Baba, sabuwa ce, yanzu za ta saki."

Ya lakato man shafawa ya mulke sanƙon, ya dafe da hannu biyu, ya danna da ƙarfinsa. Fuk! Hula ta wuce goshi, ta wuce hanci, ta sauka ƙarƙashin haɓa ta ɗame. Suruki ya ɓace gaba ɗaya, sai hannuwa ke lalube a iska, wata murya na fitowa daga ciki kamar ta mai magana a randa.

"Kun gani? Har wuya ta rufe masa!" in ji Farfesa, gumi na karyo masa.

Aka ja sama, tsoho ya tashi tare da hular. Mutum biyu suka riƙe ƙafa, aka sake ja, kujera ta bi su. Dole Farfesa ya ɗauko almakashi, ya zura ta ƙasa. Ƙyas, ƙyas! Hula ta faɗo, rabin farin gemun da tsohon ya shekara talatin yana tattali ya biyo ta.

Tsoho ya daɗe yana duban madubi. Ya ɗauki sandarsa, ya tsallaka titi, ya shige shagon wani mai askin da ke kallon na Farfesa, jama'a na biye da shi.

Mai shagon ya riƙe baki. "Subhanallahi! Baba, wane mai askin ne ya yi maka wannan aika-aika?"

"Ba mai aski ba ne," in ji tsohon, da ƙarfi yadda za a ji a tsallake. "Wani mai koyon saƙa ne."