Biron da Na Ara wa Mai Girma

Jama'a, ku tausaya mini ko ku yi mini dariya, duk wanda kuka zaɓa na karɓa. Ni da hannuna na hana 'yata aikin gwamnati, kuma ba da komai ba sai da tsabar ladabi.

Damaris ce, 'yata ta fari. Kiwon dabbobi ta karanta a jami'a. Karatun shekara biyar ya koma bakwai saboda yajin aiki, ta yi bautar ƙasa, ta dawo mana Sabon Tasha tana taya uwarta tuyar ƙosai. Kwatsam sai wata hukuma ta ce za ta ɗebi ma'aikata, amma ban da wanda ya haura shekara ashirin da takwas. Damaris saura wata biyu ta haura. In wannan ya kuɓuce, shi ke nan, ta tsufa a idon gwamnati. Alhali masu rubuta dokar, tun ina aiki a masaƙar Kakuri shekarunsu suka tsaya cak a hamsin da tara.

Maƙwabcina Wilson, mai gyaran janareta, shi ya wayar mini da kai.

"Baban Damaris, satifiket kaɗai za ta kai musu? Haba! Sai da kati."

"Wane irin kati kuma?"

"Katin babban mutum mana. Ya juya bayansa ya rubuta a taimaka, ya sa hannu. In babu wannan, ka bar yarinya ta huta a gida."

To, na ɗauko kayan da nake zuwa coci da su, na nufi gidan wani Mai Girma, Uban Matasa, Garkuwar Marasa Gata. Kwana uku ina sammako ina ɗumama masa benci a bakin get. A rana ta uku Allah ya fito da shi zai shiga mota. Na rusuna, na zayyana masa komai a numfashi ɗaya. Bawan Allah ya zaro kati, ya juya bayansa, sai ya hau laluben aljihu. Ya taɓa na dama, ya taɓa na hagu, ya waiwayi mai riƙe masa jaka.

Ni kuwa da aka yi wa tarbiyya, yaya zan tsaya ina kallon babban mutum yana wahala? Wuf na zaro birona bulu, wanda nake rubuta lambobin waƙa da shi a kwaya, ƙungiyar mawaƙan coci.

"Ranka ya daɗe, ga nawa!"

Ya dube ni, ya dubi biron, ya yi murmushi, ya rattaba hannu. Har ya mayar mini da abina. Na dawo gida ina gaya wa duk wanda na gamu da shi cewa har yanzu akwai shugabanni masu amana.

Ranar tantancewa na raka Damaris, muka haye gada tun da sassafe. Kai, jama'a! Ashe kowa da katinsa. Layi har bakin titi, kowa na riƙe da nasa yana hararar na kusa da shi. Masinjan da ke karɓar katunan kuwa Shekari ne, abokina tun zamanin masaƙa. Da ya ga namu sai fuskarsa ta canza, ya ja ni bayan wata bishiyar mangwaro.

"Mutumina, me ka yi wa Oga ya sa maka hannu da bulu?"

"Ban gane ba."

"Kai dai har yanzu baƙauye ne. In ya sa da kore, a ɗauka ke nan, ko da mutum bai iya rubuta sunansa ba. In da baƙi ne, a duba in akwai gurbi. Bulu kuwa, ma'anarsa wannan ya dame ni a bakin get, ku sallame shi da fara'a."

Na ce, "Shekari, ai birona ne. Ni na ara masa."

Mutumin nan ya yi dariya har sai da ya dafa bishiya. Da ya samu numfashi ya ce, "To, ko koren yake nema a aljihu, ko yi yake kamar yana nema, wannan sai ka tambayi Allah."

A nan dole in jinjina wa manyanmu. Wasu ƙasashe na can suna ɓata lokaci da jarrabawa da intabiyu, mu kuwa an taƙaita mana komai a biro uku. Ba a kori kowa ba, ba a zagi kowa ba. Har ruwan leda aka ba Damaris kafin a ce ta je za a neme ta.

A gida matata Naomi ta riƙe ƙugu. "Shekara talatin kana zuwa banki kana roƙon biro. Sai ranar da ya kamata ka manta shi ka tuna?" Damaris dariya ta yi ta ce, "Baba, ba komai." Wannan ba komai ɗin ya fi zagi ciwo. Wallahi na ji kunyar 'yata, na kuma ji haushin kaina da na yarda karatunta na shekara bakwai bai kai darajar tawada ba.

Ita dai ba ta zauna ba. Ta ji labarin wata Madam Celina mai gonar kaji a Kakau, wadda kajinta suka daina ƙwai. Ta hau bas ta je. Madam ba ta tambayi kati ba. Ta ɗebo abincin kajin ta zuba mata a tafin hannu ta ce, "'Yata, gaya mini abin da ke damun wannan." Damaris ta murza, ta shinshina, ta ce masarar ta sha danshi ta yi fumfuna, a sauya wurin ajiya. Madam ta ce ta zo ranar Litinin. Albashin ba wani mai kauri ba ne, amma yanzu in ta dawo da yamma tana warin kaji, ni ƙamshi nake ji.

Shekaranjiya sai ga Wilson da gudu, yana nuna mini waya. An fitar da jerin matasa ɗari biyar da Mai Girma ya sama wa aiki a bana. Lamba ta ɗari biyu da goma sha biyu, ga sunan Damaris ɓaro-ɓaro. Ashe duk wanda aka ba kati an lissafa shi. Har an gayyaci matasan da iyayensu taron godiya ranar Laraba da ƙarfe goma.

Naomi ta ce ƙafarta ba za ta taka wurin ba. Ni kam zan je, an ce akwai shinkafa da nama. Sai dai a ba Mai Girma haƙuri, Damaris ba za ta samu zuwa ba. Tana wurin aiki.