Rasuwar Mai Tulu, Ƙarfen Sauya Layi na Bayan Tasha

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda ba ta saba magana cikin jama'a ba, ni Habibatu, a madadin baffana Malam Hammajoda, tsohon mai sauya layi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Mai Tulu, ƙarfen sauya layin dogo da ke bayan tashar jirgin ƙasa ta Bauchi. Ya rasu ranar Laraba, a tsaye, a bakin aikinsa.

Ga waɗanda ba su san marigayin ba: ƙarfe ne da tsawonsa bai wuce ƙugu ba, da wani dunƙule a wuyansa kamar tulu. A bayan tasha akwai layuka uku da suka haɗu kamar duwatsun murhu. Kan jirgi ba ya juyawa irin na mota, sai ya shiga ta wannan gefe da gaba, ya koma ta wancan da baya, ya fito yana fuskantar inda ya baro. Mai Tulu ne ke tsaron bakin wannan murhu. A jefa shi dama, jirgi ya miƙe babban layi. A jefa shi hagu, jirgi ya shiga murhun, wanda jelarsa ta ƙare a jikin wani tudun ƙasa. Bayan tudun yanzu gidajen mutane ne.

Marigayin mai haƙuri ne, mai kawaici. Bai taɓa tambayar jirgi abin da ya ɗauko ba, gyada ce ko shanu ko 'yan makaranta. Maganarsa biyu ce a duniya: ƙiiii idan an ɗaga shi, gau idan ya zauna. Da ƙuruciyata, in baƙi suka cika gidanmu, gindinsa nake gudowa, don shi kaɗai ne ba ya cewa, "Yarinyar nan ba ta magana ne?"

Jinyarsa ta yi tsawo. Jirage suka ragu, suka koma sai an ji labari, daga baya labarin ma ya ɗauke. Baffa ya yi ritaya, amma kowace safiya sai ya je da baƙin mai a gwangwanin madara da gashin kaza. Ya shafa, ya jefa shi hagu, ya mayar da shi dama, don a aikinsu ba a juya wa layi baya yana buɗe. Tun da gwiwoyinsa suka yi nauyi, ni nake riƙe masa gwangwanin.

Ɓarayin ƙarfen da suka zo da zarto ranar Laraba ba su san wannan ƙa'ida ba. Sun jefa shi hagu don su sami gindinsa da kyau, suka yanke, suka tafi. Layin yana nan buɗe, yana kallon tudu.

Tun daga ranar nan, Baffa yake tsaye a wurin da jan ƙyalle, daga hantsi har rana ta faɗi. Na ce, "Baffa, jirgi fa ya daina zuwa." Ya ce, "Shi ne abin tsoron, Habiba. Ran da zai zo, wa zai gaya wa direba?" Inna Roda mai masar bakin tasha ta kawo masa da zafinta, ta ce, "Malam, ci ko ɗaya. In jirgin naka ya zo ni zan tare shi da tanda." Bai ko duba kwanon ba. Ƙafafunsa sun kumbura.

Na zaga wurin 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, neman gawar. Na tsaya gaban tsibin ƙarafa na kasa kwatanta shi da ƙarfi, har wani ya miƙo mini ƙafar keken ɗinki ya ce ko wannan zai yi. Na gode masa na dawo.

Marigayin ya bar Baffa, da ni, da kusoshi huɗu a ƙasa, da gashin kaza, da awakin da suka saba sosa jiki da shi.

Tunda babu gawa, babu wanka babu makara. Za a taru ranar Asabar da hantsi a bakin murhun. Mai dogon ƙarfen banƙara ko jak ɗin mota ya taimaka ya zo da shi. Za a tura layin dama da ƙarfin hannu, Jalo mai walda na Wunti ya liƙe shi, liƙewar da ba a sake buɗewa. Zaman makoki a rumfar Inna Roda.

Baffa ya ce in an gama zai naɗe ƙyallen ya koma gida ya ci abinci. Bai faɗi abin da zai riƙa yi da safe ba, ni kuma na kasa tambaya. Gwangwanin man yana wurina, ko rabi bai yi ba.