Sahur Don Gwajin Jini

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na yi wa gwajin jini sahur ba. Ko ni na manta, matata Falmata ba za ta bar maganar ta mutu ba.

Abin ya faro ne bayan yayana ya faɗi a shagonsa na Ƙofar Wambai, ɓarin jikinsa ya shanye. Aka ce kitse ne ya taru a jini har ya toshe hanya. Tun daga ranar Falmata ta kafa mini doka: ba man shanu, ba ganda, ba balangu. Miyata ta koma kamar ruwan wanke-wanke. Na yi mita har na gaji, daga ƙarshe muka daidaita: in gwaji ya nuna jinina ƙalau yake, a dawo mini da man shanuna.

Mijin 'yarmu likita ne, yaro mai kunya, ko ido ba ya haɗawa da ni. Shi ya ce za a auna kitsen jinin, a kuma duba ƙwayoyinsa, don tare ake kallonsu in ana maganar zuciya. "Amma Baba, da azumi za ka zo," in ji shi.

Azumi! Ni da na tashi a zauren karatu a Mandawari, ai an zo fagena. Kafin asuba na sa aka ɗumama tuwo. Tunda ibada ce, dokar gida ta faɗi (ni na ba kaina wannan fatawar), na malala man shanu, na bi da sauran farfesu, na rufe da fura da kindirmo.

"Malam, anya irin wannan azumin likitan yake nufi?" in ji Falmata. "Ka kira shi mana."

"Ke za ki koya mini azumi? A wane littafi kika ga azumin da ba sahur?"

Da safe muka je asibiti ina ta haɗiyar yawu. A layi na ga wani dattijo yana kurɓar ruwa, har na yi masa nasiha a hankali cewa ya karya azuminsa. Ya kalle ni ya ci gaba da shan ruwansa. (Allah ya ba shi ladan wannan haƙurin.)

Bayan an ɗibi jini an jima, surukina ya fito da 'yar kwalba a hannu. Ya fara da cewa na'ura ta nuna jan jinina ya haura misali.

"Kin ji ko?" na ce wa Falmata da ƙarfi, don 'yan layi su shaida. "Jini ya cika har ya yi yawa. Yau akwai man shanu!"

Sai ya ɗaga kwalbar. Saman jinin, da ya kamata ya fito garai-garai, ya yi fari kamar madara. Ya ce kitsen ne ya dagula jinin ya ruɗi na'urar, ta ga abin da babu. Sannan ya sunkuyar da kai.

"Baba... ka ci wani abu yau?"

"Ni? Tun sahur ban sa komai a bakina ba."

Yaron nan mai kunya ya kama tarin ƙarya, kafaɗunsa na rawa. Falmata kuwa, baiwar Allah, ta taimaka masa da bayani tun daga tuwo har kindirmo, ba ta tsallake ko loma ba.

"Baba, azumin asibiti ba shi da sahur," ya ce da ƙyar. "Ruwa kawai ake sha."

Wato abin da aka hana na cika ciki da shi, abin da aka halatta na haramta wa kaina, har da wa'azi. Dattijon nan ya ɗago robar ruwansa ya miƙo mini. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Azumin dai na kai shi magariba, kada a yi asara biyu.

Da aka sake gwajin da cikina wayam, ƙwayoyin jini suka fito daidai, kitsen kuma yana nan a sama, ba ruwan sahur. Ranar babu wanda ya yi dariya. Na biya ta gidan yayana na tarar ana ba shi koko a baki da cokali, sai tsoro ya kama ni sosai. Washegari na fara shan maganin da surukina ya rubuta mini ba tare da an roƙe ni ba.

Yanzu in likita ya faɗi kalmar da na sani, ma'anarta nake fara tambaya. Falmata kuwa duk Ramadan in ta tashe ni sahur sai ta ce, "Malam, tashi, wannan mai sahur ɗin ne."