Titin da Ya Tsage wa Kaka

"Sannu da hutawa, amarya. Yau ba a fita da mota ba?"

"Yauwa, sannu mijin da ba ya cefane. Shigo, amma ka bar surutunka a bakin ƙofa tare da takalmi."

Mai shigowar jikan Kaka ne, mai gyaran kwamfuta, wanda duk gidan ke kira Injiniya. Bayan an yi wa Kaka aikin yanar ido, shi ya haɗa mata kwamfuta a falo har da sitiyari biyu, ya ce ta riƙa wasan tseren mota ta more sabon ido. Ita kuwa ta kama abin da gaske. Duk jikan da ya zauna gefenta sai ya tashi da kunya, kuma kafin magariba maƙwabta sun ji labari. Amma tun shekaranjiya ta lulluɓe allon da mayafi. Da ta sha kwana sai ta ga titin ya tsage gida biyu, sama ta yi nan, ƙasa ta yi can. Ba ta gaya wa kowa ba. Tsoro take ji kada idon ne ya sake tafiya, har ta ciro tsohon tabaranta mai kauri ta tura ƙarƙashin matashin kujera.

"Me ya sa direba ta rufe mota? An ƙwace lasisi ne?"

"Na gaji da cin yara. Kai ma tausayinka nake ji, kada a ce matarka ta fi ka."

"Ke? Ranar nan da idona na gan ki kin bi ta kan shingen mutane, kika ce yanke ne."

"To wa ya riga isa?"

"Ke da shingen."

"Ja'iri! Lokacin da nake goya ka ko rarrafe sai an tura ka, yau kai ne mai koya min tuƙi?"

Ya yaye mayafin, ya kunna, ya zauna yana hura hanci.

"Matso ki ga gatan da na yi miki shekaranjiya kina ɗaki. Na cire takunkumin da ke riƙe wasan. Kin ga lambar nan ta kusurwa? Hoto ɗari biyu a sakan guda! A da, sittin kike fama da shi kamar mai tura baro."

Ya taka mota, ya sha kwana, sai ya yi turus.

"Kai! Me ya tsaga titin nan?"

Kaka ta ce a hankali, "Kai ma ka gani?"

"Ga shi kuwa, kamar an ja reza."

Ta yi hamdala a zuci, sannan ta gyara ɗaurin ɗankwali, domin yanzu ta sami mai laifi.

"Ashe kai ne ɓarawon! Yi min bayani, injiniyan ɓarna."

Ya sosa ƙeya. "Allon nan hoto sittin kawai yake iya nunawa a sakan. Ni kuma na sa kwamfuta tana turo masa ɗari biyu. Bai gama nuna ɗaya ba wani ya faɗo, sai ki ga rabin wannan da rabin wancan."

"Wato ka ɗauki bokiti kana ɗura wa kwalba ruwa. Kuɗin makarantarka dai sun tafi a banza."

"Yi haƙuri, ranki ya daɗe." Ya shiga saiti yana danne-danne. "Ga wani nan, V-Sync, shi ke sa kwamfuta ta jira allo ya gama. Na kunna. Gwada."

Ta karɓi sitiyari. Titin ya miƙe sumul, har ganyen bishiyoyin gefen hanya tana gani ɗaya-ɗaya. Amma ta yamutsa fuska.

"Ya haɗe, sai dai sitiyarin ya koyi halinka. In juya yanzu, ya amsa anjima, kamar an aike ka kanti."

"Wannan kuma hannun tsufa ne."

"Hannun da ya yi maka wanka? Gyara!"

Ya mayar da takunkumin, ya tsayar da shi ƙasa da sittin kaɗan. Nan take motar ta koma bin hannunta. Ta ce ya ɗauki ɗayan sitiyarin su kara. Kafin ya gama zagaye na biyu ta tsallake layi tana guɗa, tana dukan kujera, sai ga tabarau ya zamo ƙasa.

Injiniya ya ɗauka. Ya dubi tabaran, ya dubi mayafin da ya yaye. Dariyar ta ɗauke masa.

"Kaka... shi ya sa kika rufe? Kin zaci idon ne?"

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ta dube shi, ƙaton mutum ya yi tsuru-tsuru kamar zai yi kuka, sai ta ji ba ta da jika irinsa duk duniya. Shi ya ɓata, shi ya gyara, kuma shi ya gane.

"Idona ƙalau. Har kunyar da ke fuskarka ina gani." Ta fashe da dariya, ta tura masa tabaran a aljihu. "Na yarda, ka iya gyara. Riƙe wannan ladanka ne. Wanda tsohuwa ta bari a baya shi ya fi bukatarsa."